Murfin Tukunyar Safiyatu

Akwai wata tambaya da wata amarya ta tsinta ta bayan katanga, ranar wata Talata da la'asar, tana zaune tana tankaɗe.

"Wai ita motar nan, hanya take ƙi ko mai tuƙa ta?"

Mazan da ke ƙofar gida suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta gane muryar mai tambayar, yayan mijinta ne Ɗanliti, kuma ta san wanda ake yi wa dariyar.

Sunanta Safiyatu. Wata bakwai ke nan da kawo ta gidan Baba Dabo, a wani ƙauye tsakanin Shanono da Watari, inda gona ke manne da gona, maƙwabci na jin tarin maƙwabci. Ba ta da yawan magana. Idan baƙo ya yi sallama sai an lalubo ta a ƙuryar ɗaki. Karatunta bai wuce firamare da allo ba. Amma akwai ta da kallo. Takan san kazar da za ta fara kwanci tun kafin mai kazar ta sani.

Mijinta Muntaka direba ne. Motar da yake ja tsohuwar a-kori-kura ce, ta girme shi nesa ba kusa ba. Baba Dabo ne ya saye ta tun yana da ƙarfinsa, ya yi shekara talatin yana kwasar tumatir da albasa daga Watari zuwa birni. Duk garin Tsohuwa ake ce mata. Da yanar ido ta rufe wa Baba gani, sai ya miƙa wa Muntaka mukulli, shi kuma ya koma kan tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida.

Daga nan yake sauraron duniya. Tun Tsohuwa tana can bayan makabarta yake gane kukanta.

To, shekarun nan kun san su, ba sai na ba ku labari ba. Man fetur ya fi ƙarfin talaka, taki ya gagara, gidajen da ke ɗora tukunya sau uku suka koma sau ɗaya. Samarin garin suka yi ta zarewa ɗaya bayan ɗaya, wannan Legas, wancan Fatakwal. Kowa cewa yake shekara ɗaya zai yi. Har yau akwai matan da ke jiran ƙarshen shekara ɗayar.

Abin da ya riƙe Muntaka a gida, Tsohuwa ce.

Sai ga shi ita ma ta fara ciwo. Da safe za ta tashi lafiya lau. Amma da an yi lodi, an yi tafiya, inji ya ɗauki zafi, sai ta fara tari tana fizga, ƙarfinta ya tafi. Idan aka zo hawan nan na fitowa daga fadama, sai ta tsaya cak. Ga shan mai kamar ana zubarwa a ƙasa.

Baba yakan karkata kunne ya ce, "Yau ma da ƙafa uku ta dawo."

Aka kai ta wurin Uwaisu bakanike a Shanono. Ya duba ya ce wayar filogi ce ta ƙone, wato ɗaya daga cikin wayoyi huɗun da ke kai wuta cikin inji, ta can ƙurya. Aka sa sabuwa. Kwana tara ta ƙone. Aka sa wata, ta yi mako guda.

"Wayoyin yanzu ne duk jabu," in ji Uwaisu. "Amma bari ka ga, zan yi mata riga."

Ku da kuka tashi a ƙauye kun san halinmu. Duk abin da ya lalace, maganinsa roba. A yanko tsohon tub na taya siri-siri, a ɗaure ƙotar fartanya, a ɗaure bokiti, a ɗaure tiyon ban-ruwa. Haka Uwaisu ya naɗe waya ta uku da roba, ya yi mata dam-dam kamar gammo.

Wannan kwana biyu ta yi. Har hayaƙi sai da ya tashi.

Duk lokacin da ake wannan magana a ƙofar gida, Baba yakan sa baki.

"Tun da aka sauke injin nan bara, akwai abin da ba a mayar ba. Wani ɗan faifan ƙarfe. A da kowace Juma'a ina goge shi da hannuna."

"Baba, mene ne aikinsa?" in ji Ɗanliti.

"Ban sani ba, ni ba bakanike ba ne. Amma wanda ya ƙera motar bai sa shi don kwalliya ba."

"Uwaisu ya ce ƙara kawai yake yi, shi ya sa ya yar. Baba, ka huta don Allah, ka bar wa masu ido."

Ɗanliti ba mugu ba ne. Bakinsa ne ke riga tunaninsa fita. Amma tun daga ranar Baba ya rage magana. Kwanon tuwon da Safiyatu ke aika masa ya fara dawowa da rabi.

A wannan Talatar, bayan dariya ta lafa, Safiyatu ta ji Ɗanliti ya sauke murya.

"Muntaka, sau uku ke nan tumatir ɗin mutane yana ruɓewa a hannunmu. Ni kunyar shiga masallaci nake ji. Na yi magana da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, ranar Lahadi za su zo su ɗauke ta. Kai kuma akwai gurbi a Legas, wurin masu lodin tirela. Shekara ɗaya kawai za ka yi."

Rariya ta tsaya a hannun Safiyatu.

Ta jira ta ji Baba ya ce wani abu. Bai ce ba. Ta jira ta ji Muntaka ya ce a'a. Abin da ta ji kawai shi ne, "To, Yaya."

Ta ci gaba da tankaɗe, amma garin da ta gama tankaɗewa ta sake zubawa a rariya ba ta sani ba.

Washegari da safe tana shara, ta je bayan akurki. A nan ta ajiye wayoyin nan uku da Muntaka ya watsar. Ta tsince su ne don ta ga za su yi daɗin ɗaure ƙofar akurki, ita ba ta yar da abu. Ta ɗauko su za ta zaɓi mai ƙwari, ta jera su a ƙasa, kai da kai.

Sai ta tsaya.

Duk ukun wuri ɗaya suka ƙone. Taƙi guda daga kan wayar, ba gaba ba baya. Kuma gefe ɗaya ne ya ƙone, ya bushe ya tsattsage. Da ta juya su, ɗaya gefen sumul, kamar yau aka sayo.

Ta daɗe a tsugune. In da jabu ne, ai ko'ina sai ya lalace. Me zai sa jabu uku su haɗa baki su ƙone wuri ɗaya?

Ta ɗaga kai, idonta ya faɗa kan dangar madafarta.

Akwai abin da ya faru a makonta na farko a gidan, wanda har yau in ta tuna sai ta rufe fuska. Murhunta yana kusa da dangar kara. Ba harshen wuta ne ya taɓa dangar ba, hucin ne kawai, kullum kaɗan-kaɗan, har karan ya yi baƙi ya fara hayaƙi. Ta ji tsoro ta samo buhu ta lulluɓe wurin. Buhun ya riga dangar kamawa.

Gwaggonta Kaltume, ƙanwar babanta wadda ta yi mata jere, ita ta zo ta gani. Ta yi mata faɗa son ranta, sannan ta samo guntun langa-langa ta kafa tsakanin murhu da danga.

"Kada ki jingina shi da karan, sakarya. Ki bar wa iska hanya ta bayansa. Ƙarfen ya sha zafin, iska ta kwashe."

Tun daga ranar dangar ba ta ƙara ko ɗumi ba.

Safiyatu ta dubi wayoyi, ta dubi danga. Ta tuna faifan ƙarfen da Baba ke ta faɗa.

Da ta kai wa Muntaka koko, ta durƙusa gefe tana wasa da bakin zaninta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, Malam take ce masa.

"Malam."

"Na'am, amarya."

"Wayar nan... ko akwai wani abu mai zafi kusa da ita?"

"Cikin inji ai komai zafi ne da shi."

"Na ga kamar... irin dangata ce. Da aka sa mata langa-langa..."

Muntaka ya ajiye ludayi ya yi dariya, irin dariyar da bai yi ba kwana biyu. Ba ta raini ba ce, ta jin daɗi ce, amma duk da haka dariya ce.

"Allah Sarki, Safiya. Mota ai ba madafa ba ce. Uwaisu shekararsa ashirin a cikin baƙin mai. Ke dai ki yi mana addu'a."

Ta ce, "To." Ta ɗauki kwano ta fita. A madafa ta ji kunya ta rufe ta har wuya, ta rantse a ranta ba za ta ƙara sa baki a maganar maza ba.

Ranar Alhamis Muntaka ya ari wayar filogi wurin wani direba, ya ce bari ya yi lodin ƙarshe, ko ba komai a rabu da Tsohuwa da mutunci. Bai dawo ba sai bayan la'asar, kuma ba kukan inji Baba ya ji ba. Muryoyin masu turi ya ji.

Muntaka ya shigo gida yana riƙe da hannunsa na dama. Bayan hannun ya tashi, ja wur, har ya fara ƙunsar ruwa.

Safiyatu ta manta da rantsuwarta, ta manta da kunya. Ta zaunar da shi, ta yi ta zuba ruwan randa a wurin, sannan ta kawo ɗan zuman da ta ɓoye.

"Garin yaya?"

"Ta tsaya a hawa. Na buɗe bonet na kai hannu zan kamo wayar, sai bututun salansa ya lashe ni. Nan inda yake fitowa daga jikin inji. Wallahi ja yake yi in an yi tafiya."

Hannunta ya tsaya a kan nasa.

"Kusa suke da wayar?"

"Yatsa biyu ba zai shiga tsakaninsu ba."

Ta saki hannun nasa. Ta tashi ta fita, ta dawo da wayoyin nan uku. Ta jera su a kan tabarma, kai da kai, ƙuna na kallon sama. Sannan ta kama hannunsa a hankali ta ajiye kusa da su.

"Kai ma gefe ɗaya ka ƙone," ta ce, kanta a ƙasa.

Muntaka ya dubi hannunsa. Ya dubi wayoyin. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya ga gefen da ke sumul. Ya ɗauki ta biyu. Ya ɗauki mai rigar roba, wadda robar ta narke ta manne mata.

Wannan karon bai yi dariya ba.

"Zo ki nuna min dangar nan taki."

Suka je madafa. Ya tsuguna ya sa hannun hagu a bayan langa-langar, alhali wuta na ci a murhu. Ya ji iska mai sanyi-sanyi tana wucewa. Ya daɗe a haka.

"La ilaha illallahu. Faifan Baba."

"Ni ban san cikin mota ba," in ji Safiyatu da sauri. "Ban san inda ake sa shi ba. Amma Baba ya ce kowace Juma'a yana goge shi. Ka tambaye shi. Hannunsa ya sani."

Saura ƙarfen da za a sa. Muntaka ya zagaye gidan. Langa-langar da ke akwai duk tsatsa ta cinye, da ka lanƙwasa sai ta karye. Gwangwanin madara ya yi ƙanƙanta. Langa-langar madafa kuwa ya ce ba zai cire ba, kada a gyara mota a ƙone gida.

Yana tsaye yana susar ƙeya, sai ga Safiyatu ta fito daga ɗaki, hannunta a bayanta.

A ɗakinta akwai jeren tukwanen silba guda shida, daga babba zuwa ƙarama, kowacce da murfinta mai zanen fure a baki. Mahaifiyarta ta yi shekara huɗu tana tara su da kuɗin ƙuli-ƙuli. Ba a taɓa ɗora ko ɗaya a wuta ba. Kullum da safe sai Safiyatu ta goge su.

Murfin babbar ta miƙo masa.

"A'a," in ji Muntaka, har da ja da baya. "A'a, Safiya. Gwaggo Kaltume za ta yanka ni, ta yanka ki, ta dawo ta sake yanka ni."

"Ba ya tsatsa. Kuma yana da kauri."

"Kayan ɗakinki ne fa."

Ta ƙara miƙo masa murfin. Sannan ta faɗi maganar da ta fi kowace tsawo tun da aka kawo ta gidan.

"In ka tafi Legas, wa zan dafa wa abinci a cikinta?"

Ta ajiye murfin a hannunsa ta shige ɗaki da gudu, ta saki labule.

Ranar Juma'a da hantsi, mutanen da ke ƙofar gida suka ga abin da ba su saba gani ba. Muntaka ya durƙusa gaban tabarmar Baba.

"Baba, faifan nan da kake faɗa. Zo ka nuna min inda yake."

Baba ya ɗago kai. "Ni da ba ni da ido?"

"Hannunka nake so, Baba."

Muntaka ya kama shi ya kai shi gaban mota. Inji a sanyaye yake. Baba ya zura hannu, yatsunsa suna bin ƙarfe kamar mai shafa kan jikansa. Ya wuce nan, ya wuce can, ya gangara ƙurya. Sai ya tsaya.

"Ga su. Rami ɗaya, rami biyu. Nan kusoshinsa suke. Faɗinsa kamar tafin hannuna biyu, kuma ba ya taɓa bututun, a tsaye yake a tsakani."

Muntaka ya leƙa. Ramukan kusoshi biyu, ƙasa ta cike su, daidai tsakanin bututun salansa da wayar filogi.

Bayan an sauko daga masallaci ya wuce maƙera da murfin a cikin buhu. Aka cire mariƙin, aka yanke gefe biyu, aka lanƙwasa, aka huda. Da ragowar aka yi ɗan maƙali da zai janye wayar gefe, kada ta ƙara kwantowa. Uwaisu ya zo da wata tsohuwar wayar filogi mai sauran rai, yana ta gunaguni.

"Ni dai na ɗaura ne don Baba. Amma mota da faranti, yau na ga sabon salo."

"Ka bar yatsa guda ta nan, yatsa guda ta can," in ji Muntaka. "A bar wa iska hanya."

"Wa ya koya maka wannan kuma?"

Muntaka ya yi kamar bai ji ba.

Ranar Asabar ya yi lodin albasa har sama, ya fita tun da sassafe. Safiyatu ta wuni ba ta san abin da take yi ba. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta share tsakar gida sau uku. Duk ƙarar da ta ji sai ta tsaya da tsintsiya a hannu.

Azahar ta wuce. La'asar ta yi.

Sai ta ji muryar Baba ta bayan katanga, da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba.

"Ku yi shiru! Ku yi min shiru!"

Kowa ya yi tsit. Ita ba ta ji komai ba sai kukan kurciya.

"Huɗu!" in ji Baba. "Wallahi da ƙafa huɗu take tafe! Ɗanliti, tashi ka gani, kai mai ido!"

Sai can ta jiyo kukan Tsohuwa, sumul, ba tari ba fizga. Muntaka ya je birni ya dawo, har ya sake komawa fadama ya hau hawan nan da lodi na biyu don ya tabbatar. Da aka buɗe bonet, Ɗanliti da kansa ya kai yatsa ya taɓa wayar. Ɗumi kawai.

Safiyatu ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da mayafi. Hayaƙi ne ya shiga idonta, in da wani ya tambaya.

Ranar Lahadi 'yan gwangwan suka zo da sarƙa da igiya. Aka ba su ruwa suka sha, aka ba su haƙuri suka koma. Ɗanliti ya cire hula ya durƙusa gaban Baba a gaban kowa.

"Baba, ka yafe min. Mu masu idon mu ne makafin."

"Tashi, sarkin baki," in ji Baba yana dariya. "Tun kana goye kake yanke min magana."

Labari ya zagaye gari, har Shanono. Dabo makaho ya gyara motar da ta gagari bakanike. Direbobi suka fara tsayawa a gindin darbejiya, a kunna masa inji ya saurara. Ran nan kwanon tuwon Baba ya dawo a sharce, har da saƙon ko akwai ƙari.

Muntaka ya shigo ciki ransa ba daɗi.

"Safiya, abin nan bai yi min ba. Kowa Baba, kowa Baba. Gobe zan faɗa musu gaskiya."

"Ai gaskiya suke faɗa. Shi ya san wurin."

"Ke kika san dalilin. Kuma murfinki ne."

Ta girgiza kai. "Malam, ka ji dariyar Baba yau? Wata bakwai ina gidan nan ban taɓa jin ta ba. Don Allah ka bar masa."

"Ke kuma fa?"

Ta dube shi, karo na farko ido cikin ido, sannan ta sunkuyar da kai.

"Ni ai na samu nawa."

Bayan kwana goma Gwaggo Kaltume ta zo ganin ɗaki. Ko ruwa ba ta gama sha ba idonta ya sauka kan jere. Muryar Gwaggo kuwa, in ta yi raɗa ana ji a gida na uku.

"Safiyatu! Ina murfin babbar tukunya?"

Safiyatu ta sunkuyar da kai.

"Magana nake miki! Aro kika bayar? Sacewa aka yi? Shekara huɗu uwarki tana ƙona hannu a kaskon ƙuli, ke ko shekara ba ki rufa ba kin fara watsarwa! Wace irin sakarya ce ke?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo."

"Haƙuri zan rufe tukunyar da shi?"

Safiyatu ta durƙusa tana kallon ƙasa har Gwaggo ta gaji don kanta. Kalma ɗaya ce za ta wanke ta, tana nan a bakinta. Amma ta san Gwaggo. In ta ji da azahar, kafin la'asar garin duk ya ji. Sai ta haɗiye.

Abin da ba ta sani ba, katangar da take jiyo maganar maza ta bayanta, ita ce dai Baba ke jiyo maganar mata ta bayanta.

Washegari da safe, kafin Muntaka ya fita, Baba ya ce a buɗe masa bonet zai gaisa da Tsohuwa. Ya zura hannu ƙurya, ya shafa sabon faifan. Yatsunsa suka bi bakinsa a hankali, suka ji zanen fure. Suka koma tsakiya, suka ji ɗan ramin da mariƙi ya bari.

Ya janye hannunsa. Ya sa aka kai shi ɗakinsa, ya daɗe yana lalube a cikin tsohuwar akwatinsa.

Muntaka ya shigo wurin Safiyatu da abu a hannu, fuskarsa kamar wanda aka kama.

"Wallahi tallahi ban faɗa masa ba. Ko da wasa."

Faifai ne na kaba, saƙar hannu, mai ja da kore, launin ya ɗan koɗe. Muntaka ya san shi. Na mahaifiyarsa ne marigayiya, da shi take rufe kwanon Baba. Shekara goma sha ɗaya yana cikin akwati, ko 'ya'yanta mata Baba bai ba su ba.

"Me ya ce?" in ji Safiyatu.

"Cewa ya yi, kai wa mai tukunyar da ba murfi. Ka ce mata Allah ya rufa mata asiri duniya da lahira."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta je gaban jere ta ɗora shi a kan babbar tukunya. Ya zauna daram, kamar don ita aka saƙa.

A waje Tsohuwa ta tashi, ta ja hanyar Watari. Safiyatu ta tsaya tana saurare har kukan ya ɓace, tana ƙirgawa a ranta yadda Baba ke yi. Huɗu.

Da rana ta kai kwanon Baba bakin zaure, ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi kamar kullum. Ya amsa kamar kullum. Bai ƙara ba, ba ta ƙara ba.

Ta san Gwaggo za ta dawo, kuma za ta tambayi inda wannan tsohon faifan ya fito, ta ce bai dace da silba ba. Ta san matan gari za su ci gaba da cewa amaryar Muntaka ba ta iya riƙon kaya ba. Ta goge tukwanenta shida, ta gyara zaman faifan, ta yanke a ranta cewa ba za ta faɗa wa kowa ba.

Darasi: Kada ka raina maganar tsoho don idonsa ya tafi, kada ka raina maganar mai kunya don muryarta ba ta da ƙarfi. Sau da yawa gyaran abin da ya gagare mu yana cikin gidanmu, wurin wanda ba mu tambaya ba. Kuma idan Allah ya sa alheri ya bi ta hannunka, ba dole sai an kira sunanka ba, wanda ya kamata ya sani zai sani. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tsofaffi a gida, da direbobinmu masu naɗe komai da roba.